Tumatirin Gidan Kashi

"Na kawo ƙuduri," in ji Darlene Pruitt, ɗaya daga cikin kansiloli, ta miƙe tsaye duk da ba a miƙewa a zaman kwamiti. "A sa wa sabuwar matatar ƙazamin ruwa sunan Orval Tietz. Kuma a yi shi yau, tun yana da kunnen ji."

Sai tafi ya kaure. Merle Dubicki, shugaban kwamitin ruwa da magudanai na garin Halvor, ya ɗaga gudumar katako ya buga tebur, ya sake bugawa, ko kallo bai ishi kowa ba. Zauren nan da ya saba gani wayam, daga shi sai kansiloli sai wata tsohuwa mai zuwa shan sanyin na'ura, yau ya cika har bakin ƙofa. Ga mai aski, ga matan coci, ga direban motar makaranta da hularsa a hannu. Shekara da shekaru Merle yana roƙon mutanen nan su zo su ji abin da ake yi da magudanarsu, ba wanda ya leƙo. An ambaci Orval, sai ga su kamar an yi shelar rabon nama.

Abin ya ci masa rai, kuma gaskiya yana da hujja. Wa ya yi ta zirga-zirga zuwa babban birnin jiha har aka samo tallafin gina sabuwar matatar? Merle. Wa ya zauna da lauyoyin kamfanin da aka ba kwangilar gudanar da ita, ya bi takardar layi-layi har suka fara jin tsoron tarinsa? Merle. Da aka ƙara kuɗin magudana, tayar motar wa aka sace wa iska a bakin kanti? Ta Merle. Shi kuwa Orval, maƙwabcinsa na jikin shinge, me ya yi? Ya yi aikinsa na mai kula da tsohuwar matata, wadda duk gari ke kira gidan kashi, daidai gwargwado. Yana makara, yana manta rahoto, Merle yana rufa masa asiri a gaban kwamiti. Abin da ya iya kawai shi ne ya leƙo kai ta tagar a-kori-kurarsa ya kira sunan kowa har da na karensa, ya miƙa masa ledar tumatir. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

"Akwai mai goyon baya?" Merle ya tambaya, muryarsa a bushe.

Duk kansilolin suka ɗaga hannu tun bai rufe baki ba.

Ya gyara tabarau, ya buɗe kundin kwangila, ya yi kamar yana nema, alhali ya san shafin kamar tafin hannunsa, don shi ya rubuta shi. "Akwai sharaɗi a nan," ya ce. "Muddin kamfani ke riƙe da ginin, ba a liƙa masa suna ko allo sai da amincewarsu a rubuce. Ba mu tambaye su ba. Saboda haka na ɗage maganar zuwa zaman wata mai zuwa."

"Merle," in ji Darlene a hankali, "likita ya ce ba zai ga wata mai zuwa ba."

"Likita ba ya cikin kwamitin nan."

"Haba, shugaba!" wani ya yi ihu daga baya. "Ka ji tsoron Allah!"

"Doka ce, ba ni ba ne," in ji Merle, ya buga guduma. A wannan karon kowa ya ji ta.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, don a Halvor waya ta fi mota gudu. Ya tarar da matarsa Loretta a kicin tana juye miyar kaza a kwano mai murfi. Bai tambayi ta wa ce ba. Tun da ciwon huhu ya kwantar da Orval, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, kowace yamma kwanon nan sai ya tsallake shinge.

"Nawa fa?" ya ce.

"Naka yana tukunya. Kana da ƙafa, kana da hannu, har da guduma."

"Loretta, sharaɗin nan gaskiya ne. Yana cikin takarda."

"Na san yana ciki. Na kuma san wanda ya sa shi." Ta rufe kwanon, ta juyo ta dube shi. "Kai dai ba ka da lafiya, Merle. Mutum yana numfashi da roba a hanci, kai kana kishin sunan da za a rubuta a jikin gidan kashi. Gidan kashi fa! Ba ka taɓa jin an ce hassada ga mai rabo taki ce ba?"

"To ai ya samu. Taki kam bai taɓa rasawa ba."

Ta so ta yi dariya, ta danne, ta ɗauki kwanonta ta fice. Ya tsaya a taga yana kallonta tana ratsa lambu, ta wuce nasa tumatirin da ya ɗaure da zare a jere kamar sojoji, ta buɗe ƙaramar ƙofar shinge, ta shige cikin na Orval da ya yi duhu ya kwanta ko'ina ba tsari.

Ai tumatirin nan shi ne asalin ciwon. A tsohuwar matata akwai fili inda ake shanya lakar da aka tace daga ruwan gari. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin mutum, don haka kowace bazara sai ta tsiro da kanta a filin nan, kore shar, ba wanda ya shuka. Orval yakan zaɓi masu ƙarfi ya ciro, ya dasa a bayan gidansa. Shi Merle yana odar iri daga kamfani, yana auna ƙasa, yana karanta littafi, amma duk shekara a bajekolin amfanin gona na gunduma shuɗin ƙyallen da ake ba wanda ya zo na ɗaya a kwandon Orval ake ɗaura shi. Tun suna da baƙin gashi Orval ke miƙo masa tumatir ta saman shinge, tun lokacin kuma amsarsa ɗaya ce: "Na gode, na san inda ya fito." Ko sau ɗaya bai taɓa sa shi a baki ba.

Washegari da hantsi yana ban-ruwa, sai ya ji an kwankwasa ƙarfen baranda da cokali.

"Ranka ya daɗe, shugaba! A taimaka a matso, talaka ba ya iya ɗaga murya."

Merle ya rufe famfo. Ya so ya yi kamar bai ji ba, amma tsakaninsu bai kai a yi wannan ƙaryar ba. Ya tsallaka. Orval yana kan kujera mai lilo, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo a tsakiyar zafin Agusta, tukunyar iskar numfashi a gefensa tana huci. Mutumin da a da yake ɗaga murfin magudana da hannu ɗaya ya koma kamar rigarsa aka rataye a kujera.

"An ce jiya ka yi wa doka hidima," in ji Orval.

"Akwai sharaɗi."

"Kullum akwai sharaɗi. Kai ko aljanna aka ce ka shiga sai ka ce a nuna maka shafi." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, Merle ya miƙa masa kofin ruwa ba tare da ya dube shi ba. "Zauna mana. Kujerar ba daga gidan kashi ta fito ba."

Merle ya ɗosana.

"Ni na san abin da ke cin ka, mutumina," in ji Orval. "Kai ka gina ta. Kowa ya sani, ba dai wanda zai faɗa, don kai ko alheri za ka yi wa mutum sai ka haɗe rai kamar mai karɓar haraji. Na san kai ka sa kamfani ya riƙe mu tsofaffin ma'aikata lokacin da suka so sallamarmu. Ban taɓa yi maka godiya ba, kuma ba zan yi ba, don in na yi za ka ji daɗi, fuskarka kuwa ba ta saba ba, sai ta tsage."

"To in ka san ni na gina, me ya sa ba ka ce musu ba ka so ba?"

Ya fito masa haka, tsirara, kafin ya kama bakinsa. Orval ya juyo ya dube shi.

"Don ina so," ya ce. "Wallahi ina so, Merle. Ba zan yi maka kawaicin ƙarya ba, lokacina bai kai ba." Ya gyara robar hancinsa. "Ka tuna 'yata Colleen tana ƙarama? 'Yar mai kashi, haka yara ke kiranta a makaranta. In na zo ɗaukarta sai ta ce in tsaya a bayan layi, kada a ga motar. Har yau can birni in an tambaye ta aikin ubanta, cewa take ma'aikacin gwamnati ne. Ba na jin haushinta. So nake kawai in ɗaga waya da bakina in ce mata, yarinya, gidan kashin nan dai, sunan ubanki aka rubuta a ƙofarsa da tagulla. Shi ke nan. In na faɗa, ka zo da dare ka kankare, ka sa naka."

Merle ya kau da kai. Abin haushi, ko a wannan lokacin, da tausayin ya taso masa sai da kishi ya biyo shi a baya. Shi ba shi da 'ya ko ɗan da zai kira. Mutumin nan har abin da zai yi kuka a kai ya fi shi.

"Ungo," in ji Orval, ya ɗauko wani jan tumatir daga kan tebur, ƙato, ya ɗan tsage a kafaɗa.

"Na gode. Na san inda ya fito."

"Daga cikinka ya fito, shugaba. Kai ma kana biyan kuɗin magudana."

Merle ya tashi ya koma gida. Ya shiga gareji ya fito, ya ɗauki tiyo ya ajiye. Ya yi wa kansa alkawari ba zai sauya ba, don in ya sauya Darlene za ta ce ita ta tanƙwara shi. Bai kai ga cin abincin rana ba sai ga shi a ofishin gari, a gaban teburin Bernice, akawun majalisa, yana kiran manajan kamfani a waya.

"Suna?" in ji manajan, ana jin yana tauna wani abu. "Ku sa sunan wanda kuka ga dama mana, Malam Dubicki. Yanzu zan turo muku amincewa. Dama abin da ya tsayar da ku ke nan?"

Bernice tana ji, ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Merle ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Ki kira zaman gaggawa," ya ce. "Gobe."

"Ba zai yiwu gobe ba, shugaba. Sai an liƙa sanarwa a allo, jama'a su gani, ranakun aikin da doka ta ƙayyade su cika. Ga Asabar da Lahadi a tsakani. Talata ce mafi kusa."

"Ba wanda zai yi ƙorafi."

"Kai za ka yi," in ji Bernice. "Ka manta shekarar da ka soke zaman gyaran famfon makaranta saboda an liƙa sanarwa a makare? Ka ce ranar da aka fara tsallake allon nan, ranar kamfani zai fara cin garin nan a ɓoye. Ni na rubuta maganarka."

Kuma gaskiya ya faɗa a wancan lokacin, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya karɓi takardar da kansa, ya fita, ya liƙa ta a allon da ke bakin ƙofa, ya danna ƙusoshin da babban yatsa har ya yi ja.

Kafin yamma gari ya ɗauka cewa Darlene Pruitt ta murɗe wa Merle hannu. A kanti aka yi ta sa mata albarka. Merle ya ji, ya haɗiye. Bai tsallaka shinge ya gaya wa Orval komai ba. Ya ƙudura a ransa sai ranar Talata, in an kaɗa ƙuri'a, shi da kansa zai taka barandar nan ya faɗa, don ko wannan ɗaya kada Darlene ta riga shi.

Ranar Asabar motoci suka yi ta tsayawa a ƙofar Orval. Merle yana yanke ciyawar da ya riga ya yanke, yana ganin masu shiga da faranti a rufe, masu fita suna share ido. Ranar Lahadi aka daina fito da shi baranda. Nas ta zo ta daɗe. Colleen ta kira ta ce jirginta sai Laraba.

Ranar Litinin da la'asar Merle yana zaune a kicin ya ga Loretta ta fito daga ƙofar bayan Orval. Kwanon yana hannunta, kuma daga yadda ta riƙe shi da hannu biyu ya gane ba a taɓa miyar ba. Ta shigo, ta ajiye shi a kan tebur, ta zauna.

"Ya tafi," ta ce.

Merle ya cire tabarau, ya mayar.

"Ya san da zaman gobe?"

"Ya sani. Da safe ya tambaye ni, an yi? Na ce sai Talata. Da rana ya farka ya sake tambaya. Na ce Talata, Orval, gobe-goben nan." Ta dubi kwanon. "Sai ya ce, kai, Talata da nisa."

"Ya kira Colleen?"

"Na ce ya kira ta ya faɗa mata, ai kamar an yi ne. Ya ce a'a, shi maƙwabcin shugaba ne, ba ya sanar da abin da ba a kaɗa wa ƙuri'a ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Ya bar maka saƙo. Ya ce ka riƙa ba tumatirinsa ruwa, kuma ka shiga ta ƙofa, ka daina leƙensu ta ramin shinge."

Ranar Talata aka zauna, zauren ya koma wayam kamar da. Darlene ta karanta ƙudurin ba ta miƙe ba. Aka ɗaga hannu, Merle ya ɗaga nasa, ya buga guduma a hankali. Ihu bayan hari. Duka zaman bai kai tsawon shan kofi ɗaya ba.

Ranar jana'iza coci bai ɗauki mutane ba, har a kan ciyawa aka jera kujeru. Motocin aikin magudana suka yi layi a titi da fitilunsu a kunne, ma'aikata sanye da rigunan aiki da aka goge. Fasto ya ba da labarin daren da ruwa ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin, Orval ya shiga har ƙugu yana waƙa. Aka yi dariya, aka yi kuka. Ba wanda ya tuna wa ya samo kuɗin sabon bututun da ya hana abin sake faruwa. Merle yana zaune a layi na uku, kuma Allah ya sani ya yi ƙoƙarin yin addu'a, amma abin da zuciyarsa ke tambaya shi ne, ranar tasa, wa zai zo? Ya ji kunyar tunanin, tunanin kuma bai tafi ba.

A bakin ƙofa wata mata mai idon Orval ta kama hannunsa.

"Kai ne Malam Dubicki? Ni ce Colleen. An ce kai ka buga gudumar da aka sa sunan Baba." Ta matse hannun. "Na gode. Jiya na sa aka kai ni na ga ginin. Ban san haka yake da girma ba. Da ma ya ji da kunnensa."

"Da ma," in ji Merle.

Bai tsaya cin abincin da matan coci suka shirya ba. Ya koma gida da ƙafa, da kwat ɗinsa da lakatayen wuya, ya zagaya baya. Ya tsaya a gaban ƙaramar ƙofar shinge, sannan ya buɗe ta ya shiga. Ganyen ya fara laushi. Ya jawo tiyon Orval mai faci, ya kunna, ya bi gindi-gindi. Wasu 'ya'yan sun faɗi sun fashe a ƙasa. A nan ne ya tuna, sabuwar matatar ba ta da filin shanya. A rufe ake matse laka, a loda a mota, a fitar da ita daga gari. Shi da kansa ya yi yaƙi sai da aka sa wannan sharaɗin, saboda wari. Baɗi ba abin da zai tsiro a can.

Ya tsinki ɗaya, mai nauyi, da ɗumin rana a jikinsa. Ya goge a hannun kwat. Ya waiga hagu da dama kamar ɓarawo, sannan ya gatsa.

Ruwan ya gangaro masa ta haɓa ya sauka a kan lakataye. Ya tsaya cak, ya tauna, ya haɗiye.

"Shege," ya ce a hankali. "Shegen mutum."

"Yaya?" Loretta ce, tana tsaye a nasu ɓangaren, takalmanta na coci a hannu.

"Ya fi nawa." Idonsa ya kawo ruwa, haushi da baƙin ciki suka haɗu, bai san wanne ya fi yawa ba. "Nesa ba kusa ba, Loretta. Duk shekarun nan."

Ya zaro farin hankici daga aljihu, ya shimfiɗa a kan katakon shinge, ya matse ragowar tumatirin a kai, yana baza ƙwayoyin da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baɗi ƙyallen nan nawa ne," ya ce.

"Ko ka ci, cewa za su yi tumatirin Orval ne."

"Na sani."

Iska ta ɗaga gefen hankicin. Ya sunkuya ya ɗauko ƙaramin dutse ya danne shi, ya koma ya ɗauki tiyo, ruwa na zuba a kan takalmansa na jana'iza.